Rabin Taken Kaka Arzika

Wata Laraba da la'asar, a kakar shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyenmu kusa da Tama, kakana Arzika ya ciro gogensa daga rumbu. Mun gama jigilar damman gero ke nan, wuyana duk ƙaiƙayi. Ya zauna a inuwar rumbun, ya kaɗe ƙurar da ke kan fatar guzar, ya shafa wa izgar ƙaro. Danginmu Azna ne tun asali, masu bin addinin gargajiya, kuma Kaka shi ne mai goge na ƙarshe a cikinsu. Tun da ya kama salla ya daina kiɗa a fili, amma take goma sha biyu na nan a kansa, babu waƙa ko ɗaya, tsirkiya ce ke magana. Ya ce cikin jikokinsa ni kaɗai nake da kunne, ni zai bar wa su.

Ya fara na farko a hankali, ni kuma ina buga masa ƙwarya. Kiɗin yana tafiya sai ya sake ƙafa, ya koma wani bugun daban, har tsigar jikina ta tashi. Ana cikin haka abokaina uku suka leƙo ta kan darni, sun zo kirana langa. Ɗayansu, Salisu, bakinsa ba linzami, ya ce, "Ashe gidanku har yanzu bori aka yi?" Suka tuntsire da dariya. Ban san sanda na kama hannun Kaka a tsakiyar take ba. Na ɗaga murya don su ji, na ce ya bar kiɗin arna, yana ba mu kunya.

Kaka mutum ne mai tsokana, kullum cewa yake na zo ƙwace masa mata. Ranar bai yi wasa ba. Ya dube ni, ya ce, "To, maigida, tahi wurin langarka." Ya mayar da gogen rumbu. Na yi langa har magariba, har na ci, ina ta haki kamar wanda ya yi abin kirki. Sau biyu na yi niyyar ba shi haƙuri, kunya ta hana ni, ina cewa gobe. Damina biyu bayan nan ya rasu, gara kuma ta gama da gogen.

Yau gita ce sana'ata. Ba na waƙa, kiɗi zalla nake yi. Ina haɗa jaz da salon Buzaye da bugun kalangu, kiɗi ɗaya ya yi minti goma yana sake ƙafa. Babban burina in fitar da faifai da taken Kaka duka goma sha biyu. Na bi tsofaffi daga Bouza har Tamaske da rakoda, kowa ya ce nasa daban, na Arzika sun tafi tare da shi.

Abin da ya rage mini rabin take ɗaya ne, ina sa shi a ƙarshen kowane wasa. Nakan tsaya cak a tsakiyarsa, mutane su yi ta tafi, wai salona ke nan. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Daidai nan ne na kama hannun Kaka.