Jar Fitila a Ranar Arfa

Talabijin ɗinmu na farko a damina ya mutu. An yi iska da yamma, aka ɗauke wuta, washegari aka dawo da ita da ƙarfin da ya wuce kima. Ina tsakar gida ina gyaran busasshen kifi na ji ƙauri. Kafin in kai falo, talabijin da dikoda da sifikun nan biyu duk sun tafi.

Ba ni na fi jin rashin ba. Surukata, da muke kira Inna, ƙafafu sun riƙe ta shekara biyu. Daga ɗakinta sai falo. Tafsiri da sallar Harami da take kallo su ne fitarta. Watannin da muka yi babu kayan kallo, sai ta zauna tana fuskantar bangon da aka cire su.

Da maigida ya haɗa wasu, ni na matsa aka kira mai gyara. Ya kawo sitabilaiza, ya ƙara da wata 'yar na'ura da ake sakawa a soket kafin komai. Ya ce in an kawo wuta za ta kunna jar fitila ta jira. Sai ta ga wutar ta daidaita sannan ta koma kore ta saki. Na auna jiran da carbina, zagaye uku ne ba gaggawa.

Jiran nan shi ne rigimar gidanmu. A Haɗejiya wanda ya ga wuta ba ya yi mata yanga, don ba a san lokacin tafiyarta ba. Sau biyu ina kama maigida ya zare na'urar ya cusa waya kai tsaye a bango.

"Wai ke, wutar da ba ta yin awa guda, ita za a yi wa layi?"

Na ce, "Malam, wancan ma gaggawa ce ta cinye shi."

A shekarar ce babbar 'yar Inna, yayar maigida, ta tafi aikin Hajji. Inna ba ta taɓa zuwa ba. Tun da jirginsu ya tashi take cewa ranar Arfa za ta zauna gaban talabijin har sai ta hango 'yarta. Ba wanda ya ce mata mutanen sun fi a ƙirga.

Ana gobe Arfa hadari ya taso daga wajen Kirikasamma, iska ta kaɗa wayoyi, wuta ta tafi. Muka wayi gari da azumi, rago na kuka a tsakar gida, Inna ta sa farin mayafinta tun asuba ta zauna. Da hantsi, daidai lokacin huɗuba, unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta.

Jar fitila ta kama. Na ja carbi zagaye uku, ba ta sauya ba. Na ƙara uku. Fankar silin kuwa gudu take yi kamar za ta tsinke.

Maigida ya miƙe. "Matsa. Huɗuba za ta wuce Inna saboda wannan abin naki."

Ban taɓa tsayawa a gabansa ba sai ranar. Na jingina bayana da soket ɗin.

"Ka dubi fankar nan, don Allah. Wutar ba lafiya take ba. In talabijin ɗin ya ƙone yanzu, ba huɗuba kaɗai za ta rasa ba, har yammacin."

Ya juya wajen mahaifiyarsa. "Inna, kin ji ta ko?"

Inna ba ta dube shi ba. Ta ce, "'Yar nan, kin tabbata zai kawo?"

Ban tabbata ba. Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

"To ƙyale ta. Ni da na jira shekara saba'in."

Ko rufe baki ba ta yi ba kwan fitilar baranda ya fashe, tas! Ta katanga muka jiyo maƙwabciyata tana salati, tana kiran a cire firij. Maigida ya kashe fanka, ya koma ya zauna.

Huɗuba ta wuce mu, wannan ba zan ɓoye ba. Sai wajen azahar fitilar ta koma kore. Sitabilaiza ya yi ƙas, hoto ya fito: dutse fari fat da mutane, talbiya ta cika falon ta cikin sifiku.

Inna ta matso da kujerarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Can ta ɗora yatsa kan wata mata mai koriyar lema, wadda bayanta kawai ake gani.

"Ga ta nan. Tafiyarta ce."

Maigida ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ita ce, Inna."

Tun ranar bai sake taɓa na'urar ba.