Ƙofar da Kakana Ya Rufe a Teku

Har yau idan warin hayaƙin janareta ya gauraya da ƙamshin ƙasa bayan ruwa, sai in tuna wata la'asar a Dangora, ina 'yar shekara tara, ranar da bakina ya yi ɓarnar da har tsofaffin gidanmu suka kwanta dama ban iya gyarawa ba.

Ƙanen babana ne ya zo daga Kano da talabijin da kaset da ɗan janareta, aka girke su a zaure. Lokacin masara ta yi goyo, mutane sun dawo daga gona da laka a ƙafa, zaure ya cika maƙil. Na lallaɓa na raɓe jikin kakana, don shi ba ya korata, amaryarsa ma yake ce mini.

Hoton yaƙin duniya ne, baƙi da fari, yana ta rawa. Sai ka ga jirgin sama ya sulalo kamar shirwa ta hango ɗan tsako, matuƙin ya afka wa jirgin ruwa da gangan, ya ƙone tare da wutar da ya kawo. Hayaƙi ya turnuƙe, kowa ya ce shi ke nan. Can kuma sai ga jirgin ruwan ya ɓullo a karkace, yana ci gaba da tafiya. Samari suka kaure da tafi, wani ya ce lallai Turawan nan sun sha asiri.

Kakana ya yi yaƙin Boma, amma ba ya zancensa. Ranar dai ya yi. Ya ce babu wani asiri, cikin jirgi ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofar ƙarfe. Inda aka huda, sai a datse ƙofarsa, ruwa ya cika wannan ɗakin kaɗai, sauran jirgin ya tsira. Nasu jirgin bom ne ya same shi, ba irin waɗannan matuƙan ba, amma dokar ɗaya ce. Ƙanen babana ya tambaya, to mutanen da ke cikin ɗakin fa? Sai tsohon ya ambaci ƙanen kakata, wanda suka shiga soja tare, ya ce yana ciki, kuma da kunnensa ya ji shi yana bugun ƙofar.

Ni kuwa uwar surutu, me na sani? Da gudu na shige cikin gida, na tarar da kakata tana tankaɗe, na zazzage mata komai, har ina alfahari mijinta ya san sirrin jirgi. Ashe shekara kusan hamsin abin da ya faɗa mata shi ne zazzaɓi ya kashe ƙanen nata a tudu, an yi masa wanka da salla, an binne shi a gindin bishiya. Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa, kuma wannan kabarin ne yake sanyaya mata zuciya.

Ta ajiye rariya, ba ta yi kuka ba. Da kakana ya shigo alwalar magariba ta miƙa masa buta, ta ce, "Malam, wa ya rufe ƙofar?"

"Ni ne. Ɗaruruwan mutane ne a bayana."

"Ban tambaye ka su nawa ne ba."

Washegari malamin makarantar allonmu ya zo ya yi mata nasiha, ya ce wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Ta ce ta yarda, Allah ya jiƙansa. Ta ci gaba da tuƙa wa kakana tuwo, tana wanke masa riguna, amma hirar da suke yi bayan cin abinci ta mutu. Shekara shida suka yi haka, daga ina kwana sai sannu, har ya rasu. Babu wanda ya dake ni, ko tsawa ba a yi mini ba. Wallahi da an zane ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon irin hotunan nan, har launi an sa musu. Suna ture su da ɗan yatsa, suna musun wane jirgi ya fi ƙarfi. Na girma, na san kakana bai da wata hanya, na san kakata ma ba ta zalunce shi ba, amma sanin bai rage mini komai ba. Kwanaki autata ta kawo mini wayar, ta ce, Umma, ya aka yi wannan bai nutse ba? Na ce ta bari ta tambayi malaminsu.