Layinka Ya Koma Kore, Kalilu

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, bayan azahar, labari ya iske mu a ofishin ƙungiyarmu ta masu ba da jini kyauta a nan Daura cewa Allah Ya yi wa Malam Kalilu Sada rasuwa, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Raihana, da 'ya'ya uku. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Kalilu, tun ranar ban sami sukuni ba. Nakan zauna gaban kwamfutar nan, in tashi, in leƙa waje, in dawo in sake zama. Kuka kam na yi har na gaji. Abin da ya hana ni sakat wani ɗan aiki ne da bai wuce danna yatsa sau ɗaya ba, amma na kasa.

Ni Hasana, tun da na yi ritaya daga aikin jinya, ni ke riƙe da sunayen masu ba da jini. In asibiti ya kira, wata ta zubar da jini wajen haihuwa ko yaro mai sikila ya galabaita, sai in buɗe fom a kwamfuta, in nemo masu rukunin jinin, in yi ta kira. Kafin ka sa hannu, layukan duk fari ne fat, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Ido ya ɗauko suna a wannan layi, ya ɗauko lambar waya a na ƙasa. Akwai ranar da aka taso wani bawan Allah daga Zango a kan babur, cikin zafin rana, ashe makon jiya ya ba da jini, asibiti suka mai da shi. Na yi ta faɗa da tabarona. Kai kuwa ka yi dariya ka ce, "Yaya Hasana, ki bar tabarau ya huta. Laifin allon ne."

Kai ba ma'aikacinmu ba ne. Shagonka na gyaran kwamfuta yana can, ka rufe shi ka zo ka zauna mana. Ka sa layukan suka zama ɗaya fari ɗaya mai ɗan duhu, don kada ido ya zame. Ka ƙara girman rubutu saboda ni, kana tsokanata wai ko daga Mai'adua zan iya karantawa. Layin da na taɓa ya riƙa zama shuɗi, rubutunsa fari, in san inda nake ko da an ɗauke mini hankali. Sannan ka kawo launukan da muke aiki da su har yau. Wanda ya ba da jini kwanan nan, layinsa ruwan ɗorawa ne, a bar shi ya huta. In lokacinsa ya cika, da kansa layin zai koma kore, a kira shi. Da farko ja ka so ka sa wa masu hutu, na ce a gidan jini jan da muke gani ya ishe mu. Ka ce, "To, Yaya ta yi magana." Da ka gane sakatarenmu Malam Sama'ila ba ya rarrabe launuka sosai, ba ka fallasa shi ba. Shiru ka sa rubutun layukan kore ya yi kauri, ka ce ado ne.

Sau ɗaya muka yi musu da gaske. Lokacin da Malam Amadu na Mashi ya rasu, na ce a goge sunansa, ya rage mana cunkoso. Ka ɗago kai ka ce, "Yaya, mutumin da jininsa ke yawo a jikin mutane, ta yaya za mu goge shi?" Ka yi ɗan akwati a gefen kowane suna. In an sa masa maki, layin ya koma ruwan toka, lambar waya ta ɓoye, sunan ya zauna. Ka ce duk wanda ya wuce ta kansa sai ya yi masa addu'a. Na ce ka cika tsirfa, amma tun daga ranar ban taɓa wuce Malam Amadu ban ce Allah Ya jiƙansa ba.

Kai ma kana cikin layukan, rukuninka mai wuyar samu. Gab da azumi ka ba da leda ɗaya, saboda haka ranar da ka rasu layinka ruwan ɗorawa ne. Na ce bari a yi sadakar uku tukuna. Aka yi. Na ce bari a yi ta bakwai. Ita ma aka yi. Kullum in kai hannu kan ɗan akwatin, in janye. Rannan da safe na buɗe, sai na ga layinka ya koma kore, rubutunsa da kauri. Ƙa'idar da ka shimfiɗa da hannunka ta ƙirga lokacinka, ta ce hutunka ya cika, a kira ka. Na rufe allon na fita.

Ranar Alhamis da ta wuce ina Katsina ganin likitan ido. Malam Jibril, sabon ɗan sa-kai da ya shigo bayan rasuwarka, shi ke kan kujera. Aka kira ana neman irin jininka ga wata mai naƙuda. Ya yi abin da muka koya masa, in ka ga kore ka kira. Raihana ce ta ɗauka. An dai sami jinin a wurin Saminu direba, matar ta tashi, alhamdu lillahi. Amma da yamma Raihana ta kira ni.

"Yaya Hasana," in ji ta, "da aka ce ana neman Baban Mahdi ya zo ya ba da jini, wallahi sai da na juya zan ƙwala masa kira."

Na ba ta haƙuri.

Ta ce, "Don Allah ku sa masa ruwan tokan nan nasa. Ya sha ba ni labarinsa. In na fita takaba kuma, a auna ni, ko nawa zai yi wa wani amfani."

Yau da safe na yi bisimilla na danna. Lambarka ta ɓoye, sunanka ya zauna, kamar yadda ka tsara. Ban ji sauƙi ba, Kalilu, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kande da ta haife ka, da Raihana, da Mahdi da ƙannensa, da 'yan'uwa da abokan arziki na Daura da kewaye. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya jiƙanka, Kalilu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane ɗigon jini da ka bayar ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma bar mana wanda zai wuce ta kan sunanmu ya ce Allah Ya jiƙansa. Amin.