Bargo a Garin da Babu Sanyi

Wata ranar Alhamis cikin watan Sha'aban, a tsakiyar shekarun 1980, ina da shekara tara, Inna ta dawo daga kasuwar Bab Makka da wani ƙunshi a ƙarƙashin mayafinta, ta ajiye shi a kan tabarmar tsakar gidanmu da ke unguwar Karantina a Jidda. La'asar ta yi amma ƙasa ba ta daina huci ba, iskar teku kuma ta kwaso warin matatar mai ta cika mana hanci kamar kullum. Ni da ƙanwata Kulu muka bar carafken da muke yi muka rugo, mun zaci alewa ce. Da ta kwance sai ga ƙyallaye sun baje, ja da shuɗi da kore da ruwan ƙwai, duk girmansu ɗaya, kowanne kamar tafin hannun Baba. Wani dattijo mai shagon yadi ne ke yanka su daga ƙarshen bandir, ya ɗaure ya sayar wa mata. Kulu ta ɓata fuska ta koma wajen duwatsunta. Ni kuwa na tsuguna na tambayi abin da za a yi da su. Inna ta ce, "Bargo." Maƙwabciyarmu Gwaggo Zara, 'yar Cadi, tana shanya ta kan katanga, sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Bargo a Jidda? Wa za ki dafa a ciki?"

Bargon na kakarmu ne, mahaifiyar Inna, wadda ke wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ban taɓa ganinta ba, ban kuma taɓa jin sanyin da Inna ke ba mu labari ba, wanda ke sa tsofaffi kwana a bakin wuta ƙafafunsu na tsagewa. Ni da Kulu a Jidda aka haife mu. Baba direba ne, yana da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, wani mai sayar da kayan gini. Inna kuwa Umara ta zo ta zauna, ba ta da takarda ko ɗaya, kuma ta san in ta fita ƙasar babu dawowa. Shekara goma ke nan ba ta ga uwarta ba. Shirinta shi ne a gama bargon kafin alhazan garinsu su koma bayan Arfa, ya isa hannun tsohuwa kafin sanyi ya shigo.

Gidanmu ɗaki biyu ne na bulo, an rufa da kwano da katako, ga 'yar tsakar gida da akuya ɗaya da ke cin kwali kamar ciyawa. Da safe aikina ne in je layin gasa burodi in karɓo burodin tamis da zafinsa, sannan in share gida, in kuma saurari ƙahon tankar ruwa. Da ta yi kuka duk yaran lungun sai mu fito da jarkoki muna ture juna, ruwa na zuba a ƙafafunmu, muna faɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Makarantarmu wani ɗaki ne a gidan wata malama, inda muke zama a ƙasa muna karatun allo da haruffa, fanka ɗaya na juya zafi a kanmu. In an tashi sai 'yar gala-gala a lungu, sai gaɗa a bayan masallaci, har a kira magariba. Inna kuma da hantsi take ɗaukar tirenta na gyaɗa soyayya da yaji a ƙananan ledoji, ta je ta zauna a gefen titi kusa da kasuwa tare da sauran mata, idonta ɗaya kan masu saye, ɗayan kan hanya.

Tsakanin la'asar da magariba ne lokacin bargo. Ɗinkin ba shi da wuya, shi ya sa ma ta yarda ta sa ni. Za ta ɗauki ƙyalle mai haske da mai duhu ta kifa su fuska da fuska, ta ja layi da guntun sabulu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ɗinka gefe da gefen layin, sannan ta bi tsakiya da almakashi. In aka buɗe kowane rabi sai ka ga ya koma murabba'i, rabinsa haske rabinsa duhu. Guda huɗu irin waɗannan in an haɗa su, duhun na kallon ciki, sai wata siffa ta fito a tsaye kan kusurwa, sak yankan baƙlawa, kayan zaƙin nan na Larabawa. Ranar da na fara ganin ta fito a hannuna sai da na yi ihu. Inna ba ta da keke, allura ce da zare kawai, kuma ba ta yafe ganganci. In ɗinkina ya yi faɗi sai ta sa tsinin almakashi ta farke ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kusurwa ta sumbaci kusurwa, Sa'ade," haka take cewa. Tana ɗinki tana ba mu labarin gonar gero da rijiyar ƙauyensu, da yadda kakarmu ke tafiya da sauri har maza ba sa kamo ta. Azumi ya zo ya wuce muna yi. Zuwa bayan ƙaramar salla layuka sun taru, mun wuce rabi.

Wata safiya cikin Shawwal ta fita da tirenta ba ta dawo ba. Muna dawowa daga makaranta na tarar da Gwaggo Zara a tsakar gidanmu, abin da ba ta saba yi ba, tana zaune a kan turmi da takalmin Inna ƙafa ɗaya a hannunta. Motar masu kama marasa takarda ce ta zo ta bayan kasuwa, mata suka watse, Inna ta tsaya kwashe kayanta. Wata da ta tsira ce ta tsinto takalmin. Baba ya bar aiki ya yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya roƙi kafilinsa, kafili ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, wannan ba a hannuna yake ba." Sau ɗaya aka bari ya gan ta ta bayan ƙarfe. Mu ba a kai mu ba, don mu ma takardunmu ba su cika ba, yana tsoron kada a haɗa da mu. Bayan 'yan makonni aka sa ta a jirgi da kayan jikinta. Abin da ta ce a faɗa mana shi ne in riƙa taje wa Kulu kai, kada ya dunƙule.

Ban san yadda zan kwatanta gidan a watannin da suka biyo ba. Komai na nan inda yake, tukunya da tabarma da akuya, amma ba wanda ke magana. Kulu ta daina cin abinci sai an matsa mata, kullum da yamma takan je bakin lungu ta tsaya tana kallon matan da ke dawowa da tire a ka. Ni na koma uwa ina shekara tara. Na koyi tuƙa tuwo da ƙuna a hannu, na koyi wanki, na daina zuwa gaɗa. Baba yakan dawo ya zauna a ƙofar ɗaki da rediyo a kunne, ba ya ma juya tasha. Bargon kuwa na naɗe shi na cusa a ƙarƙashin gado, da allurar Inna soke a inda ta tsaya. Alhazai suka zo suka koma. Sanyin da aka yi wa shiri ya shigo ƙauyen da ban sani ba, kuma a cikinsa kakarmu ta rasu. Mutane suka ce an gode Allah da ya kai Inna ta rufe wa uwarta ido. Ni dai ban iya faɗin haka ba a lokacin, kuma in gaskiya zan faɗa har yau da ƙyar nake faɗa.

Gwaggo Zara ce, wadda ta yi mana dariya, ta jawo bargon waje wata rana tana taya ni shara. Ta kakkaɓe shi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yalla, ɗauko allura. Yanzu uwarki ce ke jin sanyin." Haka muka koma kan tabarma, ni ina ɗinki, Kulu tana haɗa mai haske da mai duhu tana miƙo mini. Ƙyallayen shuɗi suka ƙare, muka cika da abin da ya samu, har da yankin tsohuwar rigar Baba. Layukana suka karkace, babu mai farke mini. Da fuskar bargon ta kammala, Gwaggo Zara ta samo mana tsofaffin haramai da alhazai suka bari, muka wanke muka shimfiɗa a ciki don ya yi kauri, muka rufe bayansa da zanen Inna na gida. Baba, wanda ban taɓa gani da allura ba, shi ya ɗinke baki da zaren buhu, ɗinki manya-manya kamar na mai gyaran tanti. Yana yi yana share fuska da kafaɗa, yana cewa zafi ne.

Da aikin hajji ya zagayo muka ba wata hajiya 'yar garinsu Inna bargon ta kai mata. Amsar ta zo bayan watanni, a kaset, kamar yadda ake aika saƙo a lokacin. Muka zauna mu uku muka kewaye rikoda. Da farko kukan zakara muka ji da wata murya tana cewa ta fara, sannan Inna ta yi sallama. Ta gaishe da kowa a lungun da sunansa, ta tambayi akuya. Sai ta ce, "Sa'ade, na ga inda na tsaya, na ga inda kika ɗauka. Kusurwoyinki ba su haɗu ba ko ɗaya." Ta yi dariya, dariyar ta karye, kaset na ta juyawa. Da muryarta ta dawo sai ta ce da shi take rufa, kuma in Allah ya so tana nan tafe da Umarar baɗi.

Ba ta zo baɗin ba, ba ta zo wanda ya biyo ba. Kowace shekara akwai dalili, ko fasfo, ko biza, ko fari ya cinye abin da aka tara. Baba ya je sau biyu ya dawo da hotonta ta rame. Mu kuma ba mu iya fita ba, don in mun fita ƙofar za ta rufe a bayanmu kamar yadda ta rufe a bayanta. Kaset suka yi ta zuwa, muryarta na ƙara sirancewa, Hausarmu kuma na ƙara cika da Larabci har takan ce mu maimaita. Ina shekara goma sha bakwai aka aiko cewa ta rasu bayan ciwon ƙirji. Kulu ta ce mini ita ta manta fuskarta tuntuni, muryar kawai ta sani. Bargon ban san inda ya ƙare ba. Na tambaya, wani ya ce yana wajen ƙanwar Inna, wani ya ce ya yage.

Yanzu ina zaune a wani bene a unguwar Aziziyya da mijina da 'ya'yana mata biyu. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana, har sai mun sayo barguna a leda daga kanti, masu laushi, waɗanda ba hannun kowa a jikinsu. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ni amsa, ba su taɓa bin tankar ruwa ba, ba su san zaren allura ba. Kwanan baya na ga maƙwabciyata riƙe da waya tana hira da uwarta da ke Nijar, tana gaya mata abin da ta dafa, kamar katanga ce kawai tsakaninsu. Na tsaya a matakala na kasa wucewa. A zamaninmu sai mu yi shekara muna jiran sallama ɗaya, in ta zo mu yi ta maimaita ta har zaren kaset ya tsinke. Yau na girmi Inna da shekaru, kuma har yanzu jiranta nake yi.