Katin Maki da Kunun Jego

Ni mace ce mai son tsari. Shekara goma sha tara ina aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a Abbey Wood, a Landan, ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. Saboda haka da babban kantin unguwarmu ya fito da katin bashi mai ba da maki, ban yi rawar kai ba. Na sa tabarau na karanta takardarsu, har ƙananan rubutun nan da suke ɓoyewa a ƙasa.

Abu uku na gane. Na farko, duk abin da ka saya a kantin da katin za su rubuta maka maki. Na biyu, a ƙarshen shekara makin zai zama kuɗi, su suna ce masa cashback. Na uku, in ka biya bashin kafin wata ya ƙare, babu kuɗin ruwa. Wannan na ukun shi na fara kai wa Malam, maigidana, don na san ta nan zai ɓullo.

Ya ce, "To Hajiya, in babu ruwa, su me suke ci?"

Na ce, "Marasa tsari suke ci."

"Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban taɓa ganin Bature ya kira mutum ya zo karɓar kuɗi ba."

Kafin katin, cefanena na Asabar a Woolwich nake yi, a shagon wata Hajiya 'yar zangon Kumasi. Tun 'yata tana goye nake zuwa wurinta. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, shinkafa, manja, har omo. Mutanensu ba sa raba mace da namiji a magana, kowa "kai" ne a bakinta. In ta gama awo sai ta cusa hannu a buhu ta ƙara gyara: yau citta, gobe dunƙulen daddawa biyu, wata rana ba komai in ranta a ɓace yake.

Laifina ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da zan bar ta, ban tafi shiru ba. Na fito da katin a gaban mutane na yi mata bayani dalla-dalla, cewa kantin ma gyara yake bayarwa, amma tasu a rubuce take, tata kuwa ba ta da tsari, ta danganta da yadda ta tashi daga barci.

Ta juya katin gaba da baya, ta miƙo mini. Ta ce, "To Hajiya, ka gaishe su."

Wata goma sha ɗaya na yi ban taka shagonta ba. In zan wuce ta layin, sai na tsallaka titi.

A wata na biyu kuka ta ƙare. A na uku daddawa ta bi ta. Muka koma miyar alayyafon leda da dunƙulen kanti. Na kuma lura cewa maki ya fi yawa a kan abin da mutum ba ya buƙata, don haka kabad ɗinmu ya cika da waken gwangwani da wani biskit mai ɗanɗanon kwali. Malam ba ya faɗa. Sai dai ya ɗaga cokali ya dubi miyar ya ce, "Wannan maki nawa ce?"

Takardar ta zo a ƙarshen shekara. Fam talatin da takwas, kuma a kantin kaɗai za a kashe. Na manna ta a jikin firij inda Malam zai gani duk safiya.

Kwana huɗu bayan nan 'yata ta haihu, namiji, mako uku kafin lokacin da likita ya faɗa. Ban shirya komai ba, ni da nake shirya kayan Sallah tun kafin azumi. Aka sallamo ta ta zo gida wanka. Ruwan nono ya ƙi zuwa sosai, jariri yana ta tsala kuka, ita ma tana yi. Yarinyar da duk abin da na faɗa mata da Hausa, da Turanci take amsawa, ranar da Hausa ta ce, "Mama, kunun kanwa nake so."

Na cire takardar daga jikin firij na nufi kanti da jerin abu huɗu: gero, kanwa, kimba, masoro. Wata ma'aikaciya mai kirki ta duba wayarta ta ce kanwa babu, kimba da masoro ba ta taɓa ji ba, amma gero akwai. Na bi ta. Muka wuce shinkafa, muka wuce fulawa, muka wuce sabulu. Ta tsaya a layin abincin karnuka da kyanwoyi, ta ɗauko mini 'yar leda mai hoton tsuntsu a jiki.

Na daɗe a tsaye ina kallon tsuntsun. Shi ma yana kallona.

Daga nan na hau bas zuwa Woolwich.

Shagon a cike yake. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta sallami wata Bayarabiya, ta sallami wani ɗalibi mai neman kilishi, ta sallami mata biyu da suka shigo bayana. Da ba kowa sai wata tsohuwa da ke zaune a kan buhun shinkafa, sai mai shagon ta ce, "A'a, Hajiya mai kati! Ka yi ɓatan hanya?"

Na ce, "'Yarki ta sauka. Namiji."

"Na sani. Barka. Mijinsa ya kira ni tun daga asibiti."

Ashe duk watannin nan 'yata tana zuwa wurinta a ɓoye. Har Malam, wai, yakan biyo ya ci tuwo da miyar kuka a bayan shago ranar Juma'a. Wannan maganar na ajiye ta sai na koma gida.

Ta shiga ciki ta fito da ƙulli, an riga an ɗaure: gero surfaffe, jar kanwa, kayan yaji har da kanumfari. Ta ce tun cikin yana wata bakwai ta ware. Sai ta kwance ta ɗora kowanne a kan sikeli. Geron ya ɗan haura, ta sa yatsu ta tsince har ya zauna daidai. Ta yagi takarda ta rubuta komai layi-layi, ta miƙo.

"Ga tsari."

Na biya. Na ɗauki ledar. Ƙafata ta ƙi tafiya. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa fita daga shagon nan haka ba, leda a daidai kamar ta baƙo.

Tsohuwar nan ta ce, "Baiwar Allah, kin manta wani abu ne?"

Na ce, a hankali, "Hajiya, gyara fa?"

"Ban ji ba. Injin firiza yana ƙara."

Na ɗaga murya. "Na ce a yi mini gyara!"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta cusa hannu biyu a buhun daddawa, ta ƙara da kuka, ta ƙara da citta. Ta ce, "Wannan ba naka ba ne, na jikana ne. Naka sai ka yi Asabar huɗu a jere."

Da la'asar na dama kunun. 'Yata ta sha kofi biyu ta yi barci, jaririn ma ya yi. Ko kunun ne ko barcin ne, ban sani ba, amma a kwana na uku nono ya wadata.

Fam talatin da takwas ɗin na sayi kunzugun jarirai da su, suka ƙare kafin suna. Katin yana nan, ban yar ba. Omo da takardar banɗaki nake saya da shi, kuma har yau kantin bai ci sisina na ruwa ba. Asabar huɗun kuwa na yi su cif. A ta biyar ta ba ni albasa ɗaya.