Ranar da Na Zaga da Mijin Malamar Asibiti

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, sauran a bayan sitiyari na ƙarasa shi. Shekara ashirin da wani abu ina jan mota tsakanin ƙauyenmu da Bagudo, wani lokaci har bakin iyakar Benin. Na ɗauki shinkafa, na ɗauki awaki, na ɗauki amare da gawawwaki. Ɗan yawon buɗe ido kuwa sau ɗaya na taɓa ɗauka, kuma ba ni na nema ba.

Muna da ƙaramin asibiti a ƙauyen, ɗaki biyu da baranda. Sau uku ana turo mana malamar asibiti, kowace sai ta zo ta leƙa, ta ce za ta je ta kwaso kaya, shi ke nan. A shekarar da nake magana matata tana da cikin wata takwas, bayan mun ɗauka ta gama haihuwa. Cikin da ya riga shi, a hanya muka rasa shi, da damina, kafin mu isa babban asibiti. To ni ba sai liman ya yi mini wa'azi a kan amfanin malama a gari ba.

Ta huɗun ta zo ran wata Juma'a tare da mijinta. Ita gajera ce, ba ta da yawan magana. Ta shiga ɗakunan nan biyu ta fito, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Shi kuwa dogo ne, ma'aikacin ofis, tashin Kaduna, da wayoyi biyu da turaren da ya riga shi shiga zauren mai gari. Bayan an gaisa sai ya tambaya ko akwai wuraren kallo a yankin. Ya ce in matarsa ta zauna zai riƙa zuwa ƙarshen mako da yara, to ina zai kai su? Malama ta ce ita dai shawara tana hannun maigidanta, abin da ya gani shi ke nan.

Mai gari bai ko ƙifta ido ba, ya ce wuraren kallo ai sai dai mutum ya gaji, gobe da safe direba zai zaga da su. Direban ni ne, don motata kaɗai ke tashi ba turi a lokacin.

Da baƙi suka tafi masauki na matsa kusa da mai gari.

"Ranka shi daɗe, mi za ni nuna mashi?"

"Abin da Allah ya hore."

"In ya ƙare fa?"

"Ka ƙara gaba."

Dattawa suka zauna aka yi shawara, suka kawo sabon gidan mai na Bagudo, da injin casar shinkafa, wani ya ce kada a manta da taransifomar da aka kawo mana bara, ko da ba a haɗa ta ba, fentinta yana nan. Sannan aka yanke babbar shawara. Aka ce waɗancan ukun yawan aiki suka hango suka gudu, don haka wannan kada a bari ta ga mara lafiya ko ɗaya sai ta sauke kaya. Aka bi gida-gida aka faɗa. Masu tari suka koma gona tun asuba. Ni da kaina na ce wa matata ta zauna ɗaka, kada ta fito ko tsakar gida, don ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta ce kanta ma yana sara. Na ce ta daure zuwa Litinin. Haka na ce, ba zan gyara maganar ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne al'adarmu. A wurinmu ba a ratsa garin mutum da baƙo ba a aika masa ba, raini ne, ana iya shekara ana maganar. Saboda haka mai gari ya aika wa duk masu garin da ke kan hanyarmu cewa gobe baƙi za su wuce. Kuma ba a aika saƙon baƙo ba a faɗi ko wane ne ba. Aka ce musu malamar asibiti ce. Maganar ɓoye marasa lafiya kuwa ba wanda ya tuna ya haɗa da ita.

Da safe muka tashi da Malama da mijinta, Yallaɓai mijin nata a gaba cikin farar shadda, Malama a baya. Na fara da gidan mai. Na tsaya, na kashe mota, na yi shiru don ya kalla. Ya tambaya ko mai za mu sha, na ce a'a, mun cika tun jiya. Ya dube ni, ya dubi famfon, ya ce mu je. A injin casar shinkafa mai injin ya ji daɗin zuwanmu, ya tayar da shi musamman, ƙaiƙayi ya tashi ya sauka a kan shaddar nan. Daga nan Yallaɓai ya fara susar wuya, bai daina ba har yamma.

Na ga abin yana neman lalacewa, sai na tsaya gindin wata babbar kuka a bakin hanya, na ce nan wani jarumi ya ɗaure dokinsa kwana bakwai yana jiran abokan gaba. Ya tambayi sunan jarumin, na ce ba a faɗa. Ya tambayi shekara, na ce kafin Turawa. Har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ga mai gonar ya taso, mutumin da ya san ni tun ina kwandasta. Ya gaishe mu, ya ce in miyar kuka baƙin ke so kada su wahala, wannan ganyenta ɗaci gare shi, shi ya sa ko awaki ba sa kula ta.

Garin farko muka tarar an shimfiɗa tabarmi, an dama fura a ƙwarya. Bayan zauren kuwa mata sun yi layi har bakin rijiya, masu ciki da masu goyo, da wata tsohuwa da aka kawo a amalanke. Wasu tun daga Sharabi suka taso. Malama ta buɗe jaka ta fito da abin awon jini, ta ce a ba ta kujera da inuwa.

Yallaɓai ya kurɓi fura sau biyu ya ajiye ludayi. Na raɗa masa cewa a nan ba a yin haka, in ya bar ta za a ce ya raina gidan, kuma maganar za ta riga mu isa gari na gaba. Ya shanye. Da za mu tashi aka sa mana zabi biyu a but ɗin mota. A gari na biyu tuwon shinkafa ne da miyar kifi, layin mata ya fi na farko, aka ba mu bandar kifi a kwali. A na uku fura ce kuma, ta Fulani, mai kauri. Wata mata daga Bahindi ta ce ta bi mu gari biyu a kan kabu-kabu kafin ta same mu. Can na ji Yallaɓai yana tambayar Malama a hankali wai su suka zo kallo ko su aka zo kallo. Ta ce ya riƙe mata wannan jaririn tukuna.

Wajen azahar muka iso gulbin Kwara. Yallaɓai ya ce ya ji akwai dorina, yana so ya gani. Na kira wani abokina masunci, Basarke, da ke gyaran taru a bakin ruwa, na gaya masa. Ya ajiye tarun ya dubi Yallaɓai tun daga hula har takalmi. Ya ce su kullum addu'arsu kada su haɗu da ita, bara ta cinye masa shinkafar fadama ta fasa jirgin ƙanensa, yau kuma ga mutum da ƙafarsa ya zo nemanta. Ya ce in baƙon na da gaskiya ya zo da kaka ya kwana a gonar, zai gan ta har ya gode Allah.

Muka hau gada. Nan ne kaɗai Yallaɓai ya ce in tsaya ba ni na tsayar da shi ba. Ya fita ya jingina da ƙarfe ya daɗe yana kallon ruwa, da jirage ƙanana can ƙasa, da shanu suna ƙetarawa wani tsibiri sai ƙahoninsu ake gani. Ni ma na duba. Gaskiya na fi shekara goma ban kalli gulbin nan ba, in na hau gada ramuka nake kallo.

Saura iyaka. Ita ya fi ɗoki, yana so ya yi hoto ƙafa ɗaya a Najeriya ɗaya a Benin, ya nuna a ofis. Babbar hanya shingaye sun yi yawa, kowanne sai an tsaya an gaisa, ga rana ta yi. Sai na bi ta hanyar da muke bi in za mu biki ko ta'aziyya, ta cikin gonaki. Tunda an zo nan kuma ba zai yiwu in wuce gidan gwaggona ban shiga ba, ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta can tun kafin a haife ni.

Muna zaune a tsakar gidanta an kawo ruwa, Yallaɓai ya tambaya saura tafiyar minti nawa mu kai iyaka. Na ce ai mun wuce ta. Ya ce a ina? Na ce wannan kwazazzabon da muka sauka na sa giya ɗaya, inda zabi suka yi kuka. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci. Ya miƙe tsaye. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba fasfo, ba izini, na fitar da shi daga ƙasa da cikinsa cike da fura. Yana ta leƙen katanga ko jandarman Benin na tafe. Gwaggo ta tambaye ni da Dandanci, yaren can, ko cikinsa ke murɗawa, ta nuna masa bayan gida. Da na yi mata bayani ta ce ya zauna, ita gonarta na can, rijiyarta na nan, kullum sau biyu take fita ƙasar waje ba wanda ya taɓa tambayarta takarda.

Ita ma ba wanda ya gaya mata shawarar dattawa. Ta juyo ta dube ni, da Hausa kuma, a gaban kowa.

"Yaya mai ɗakinka? An ce mani kumburin ya kai har fuska."

Na ce da sauƙi, na shiga tambayarta labarin gero. Malama ta ajiye kofin ruwa.

"Malam direba, matarka ciki gare ta?"

Na ce e.

"Wata nawa?"

Na faɗa. Ta tambayi ciwon kai, na ce akwai. Ta tambaya ko tana ganin duhu-duhu, na ce shekaranjiya ta ce tana ganin ƙudaje alhali babu. Ta tambayi inda take, na ce tana ɗaka, mun ce kada ta fito. Ta ce su wa? Nan na kwashe duka na gaya mata, har da masu tarin da aka tura gona.

Ba ta zage ni a lokacin ba. Ta ɗauki jaka ta ce in tashi. Gwaggo na cewa tuwo ya kusa, Malama ta durƙusa ta ba ta haƙuri ta wuce mota. A kwazazzabo Yallaɓai ya ce a tsaya minti ɗaya don hoton nan, ta ce ya ɗauka ta taga. Ya ɗauka. Na gani daga baya, karan dawa ne da kunnen wani jaki.

Bayan la'asar muka isa. Matata, baiwar Allah, tana jin sallamar baƙuwa ta amsa daga bayan labule cewa lafiyarta ƙalau, barci take. Malama ta ɗaga labulen ta shiga. Da ta fito ne na sha nawa, a ƙofar gida, gaban maƙwabta. Ta ce jinin matar ya hau inda bai kamata a kwana da shi a ƙauye ba, ni kuma na wuni ina nuna wa mutane famfon mai. Ta ce yanzu za a tafi babban asibiti, kuma da ita. Ta aika a gaya wa mai gari ya dawo da mutanensa daga gona, Litinin tana son ganin kowa a baranda.

Yallaɓai ya matso yana susar wuya, ya ce ai ba su riga sun yanke shawara ba. Ta ce ya yanke a mota, in ya isa gida ya aiko mata da akwatinta da katifa. Shi ya taimaka mini muka kamo matata, ya bar mata gaban mota ya koma baya.

Sati uku aka riƙe ta a Bagudo. Malama takan zo ranar kasuwa ta duba ta ta koma. Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, ta biyo kabu-kabu ta shiga tare da ma'aikatan wurin, ni aka bar ni a waje. Wajen sha ɗaya ta leƙo ta ce mace ce, ƙarama amma da baki, uwar ma lafiya. Na ce alhamdu lillahi, na juya zan je in yi waya, sai na fasa. Na zauna a kan wani dakali kusa da mai rake. Mutumin ya ɗauka ciniki na zo, ya fere ya miƙo mini. Na karɓa na riƙe, ni da haƙoran gabana suka daɗe da zubewa.