Ruwa a tankin motar Basiru

Akwai wata Laraba ta watan Maris, lokacin noman rani, da har gobe ba ta bar raina ba. A lokacin ni ke riƙe da ɓangaren wayarin da na'urar duba mota a garejinmu na Argungu, a ƙarƙashin Oga Bitrus, babban makanikenmu. Bayan azahar ya kira ni, fuskarsa ba walwala.

"Murtala, ɗauki na'ura ka hau mashin. Motar masu shinkafa ta mutu a fadamar Gulma, kuma akwai wanda maciji ya sara a cikinta."

Ni mutum ne mai tsoron maciji, ko igiya na gani a ciyawa sai na yi tsalle. Haka na kama hanya gabana yana faɗuwa.

Na tarar da motar a tsakiyar yashi, irin mai tsawon ƙafar nan, ta zamani, mai canza giya da kanta. Mutane sun kewaye ta. A kujerar baya wani magidanci ne kwance, Basiru, ƙafarsa ta kumbura har gwiwa, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Mahaifinsa, Malam Ango, yana riƙe da kansa. Kububuwa ce ta sare shi a bakin injin ban-ruwa, kuma sun kira asibitin kusa an ce allurar dafin maciji ta ƙare, sai Birnin Kebbi. Sun gwada ɗora shi a mashin, ya sulale. Ƙaramar motar da aka kira ta ƙi shiga yashin. Wannan motar ce kaɗai hanyarsa.

Lawali direba ya ce sun taso lafiya, ba su yi nisa ba ta fara shaƙewa, ta mutu. Sun tura ta har sun gaji, ba su san irin wannan ba ta tashi da turi ba. Wani ma ya nemi a zuba fetur ta bakin iska yadda ake yi wa tsohuwar kabreta. Allah ya taimaka Lawali ya hana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mota tana bukatar abu uku kafin ta tashi: ƙarfin da zai juya injin, wuta a filogi, da mai da zai iso nozul mai fesa shi cikin injin. Na murɗa makulli, kik, wato abin da ke tada injin, ya juya da ƙarfi, batir ba laifi. Na kasa kunne ta wajen tanki, na ji famfon mai yana ƙugi. Fiyus duk lafiya. Na zare koyil ɗaya mai ba filogi wuta na gwada, wuta tana nan. Na jona na'ura, abin da ta nuna kawai shi ne silinda ba sa ƙona mai daidai, wato abin da kunnena ya riga ya gaya mini. Komai lafiya, mota ba ta tashi, ga Basiru yana amai a bayana.

Malam Ango ya leƙo ta taga. "Ɗana, mi kag gani?"

"Baba, ina kan dubawa."

"Duba da sauri. Yaro shina sanyi."

Na kira Oga Bitrus na zayyana masa. Ya ce, "Ka ji famfo yana aiki. Ka ga abin da yake turowa da idonka?"

Na karɓi gorar ruwa wadda babu komai a ciki, na kwance tiyon mai a wajen injin, na ce Lawali ya buɗe makulli. Abin da ya zubo cikin gorar ya kwanta kashi biyu: ɗan fetur a sama, sauran duk ruwa ne mai launin ƙasa. Na tambayi Lawali inda ya sha mai.

"Wutar alamar ƙarewar mai ta kama muna gona," in ji shi. "Sai anka ɗauko jarka wajen injin ban-ruwa anka juye muna."

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Rima ya san jarka biyu ake ajiyewa kusa da injin. Ɗaya ta fetur, ɗaya ta ruwan da ake ɗura wa injin kafin ya fara ja. Duka rawaya ne, kuma ta ruwan yawanci tsohuwar jarkar fetur ce, warin bai bar ta ba. Mai gaggawa zai sunsuna ya ji fetur.

Malam Ango ya daɗe yana kallon gorar. Ba wanda ya tambaye shi. Da kansa ya ce, a hankali, "Ni na zuba. Da hannuna."

Hanyar da ta dace ita ce a ɗage kujerar baya a ciro famfo a wanke tanki, amma Basiru yana kan kujerar, kuma lokacin bai isa ba. Sai na yanke shawarar famfon ya kwashe tankin da kansa. Na ƙara wa tiyon tsawo zuwa cikin bokiti, na cire rile, wato makunnin famfon, na haɗa da guntun waya don famfon ya yi ta aiki ba tsayawa. Tsoro biyu ne a kaina. Wayar nan tana iya tartsatsi, ga tururin fetur a cikin zafin Maris, ga mutum kwance a motar da ba zai iya gudu ba. Sannan famfo yana cin batir, in ya cinye shi, ko man ya gyaru ba abin da zai juya injin. Na kori jama'a baya, na yi wa wani mai sigari tsawar da ban taɓa yi wa babba ba.

Ruwan yana zuba siriri, ni kuwa ina tsugune ina karanta duk addu'ar da na iya. Daga cikin motar ina jin Malam Ango yana kiran sunan ɗansa, wani lokaci Basiru ya amsa, wani lokaci shiru.

Da ruwan ya yanke, masu mashin suka tatso man tankunansu. Kowace gora sai na ɗaga ta a rana na duba kafin a juye. Na bar famfo ya wanke layin da mai mai kyau, na ciro filogi na goge, na mayar da komai. Murɗawar farko kik ya ja da nauyi. Ta biyu ta yi tari ta mutu. Na ce wa Lawali saura ƙarfin murɗawa guda a batir, ya yi bisimilla. Ta kama tana karkarwa, farin hayaƙi yana fita, na riƙe totur da hannuna har ta daidaita. Na bar mashin ɗina a wurin na shiga gaba, don in ta sake shaƙewa a hanya ina kusa. Ta yi tari a wajen Ambursa, amma ba ta mutu ba.

Basiru ya rayu. An yi masa allurar, jinin ya tsaya, amma naman ƙafar ya lalace, bayan wasu makonni aka yanke ta a ƙasan gwiwa.

Shi ya sa, ku masu koyon aiki a garejin nan, kuke ganin ina takura muku da tambaya ɗaya kafin ku taɓa sifana: mene ne abu na ƙarshe da aka yi wa motar? Na'ura tana ganin waya da sensa, ba ta ganin abin da hannun mutum ya zuba a tanki. Kuma wanda ya zuba ɗin sau da yawa shi ne ya fi kowa son motar ta tashi, don haka kada ku yi masa dariya, kada ku ɗaga masa murya.

Malam Ango yana biyowa ta garejin duk ranar da ya shigo Argungu. Yakan zauna a bencinmu, mu gaisa, ya tambayi Oga Bitrus iyali. In zai tashi sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Murtala, kai ka san aiki. Da ba don ruwan ga ba, da ƙahwar ta tsira?"

Nakan ce masa Allah ne masani, ni injin na sani. Ya gyaɗa kai ya tafi. In ya dawo, sai ya sake tambaya.